Wutar da Ta Tsallake Iyakar Gona: Ƙaddara ce ko Sakaci?

A ƙasashen Kazaure da Roni da Gwiwa, da kuma Babura wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, duk a jihar Jigawa, ruwan sama yakan ɗauke daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, kuma kafin Nuwamba ta fita, iskar hunturu mai busowa daga arewa maso gabas ta riga ta busar da duk abin da damina ta tsirar. A tsakiyar hunturu laimar da ke cikin iska takan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, har ciyawa da kara su kai matsayin da tartsatsi guda ya ishe su. A daidai wannan lokaci ne kuma dukiyar manomi take a fili, domin akwai dammunan dawa da ba a gama kaiwa rumbu ba, da harawar wake da ta gyaɗa da aka ɗora a kan itatuwa, da tarin kara, da gamba da shuci waɗanda ake yanka saboda zana da jinka. Idan wuta ta tashi daga hannun wani ta cinye irin wannan dukiya ta wani, tambaya biyu ce ke biyo baya, kuma dukkansu na addini ne kafin su zama na hukuma: shin abin da ya faru ƙaddara ce da ba a tuhumar kowa a kanta ko kuwa laifi ne mai jawo biya, sannan shin shugaba yana da ikon hana mutum hura wuta a gonarsa ta gado alhali Shari'a ba ta haramta wuta ba.

Asalin wuta halal ce, kuma Alƙur'ani a cikin Suratul Waƙi'a ya lissafa ta cikin ni'imomi tare da shuka da ruwan sha, ya kuma bayyana ta a matsayin tunatarwa da abin amfani ga matafiya. Masu kunna ta a waje a wannan yanki sanannu ne, kuma mafi yawansu suna da buƙata ta gaskiya. Akwai manomi mai sharar gona wanda ke tara saura da ƙaya ya ƙona kafin shuka, akwai mai noman rani a fadamun kogin Gari wanda ke son rabuwa da tattakar shinkafa da wuri, akwai masu jin ɗumi da asuba, da masu ɗiban zuma, da masu yin gawayi, da samari masu farautar gafiya da kurege da zomo, waɗanda ke cinna wa ciyawa wuta domin naman ya fito fili. Bahaushe ya bambanta toyi, wato ƙona ciyawa da gangan a wurin da aka nufa, da gobara, wato wutar da ta fi ƙarfin mai ita, kuma abin da ke mayar da toyi gobara a mafi yawan lokuta iska ce. Daga nan ne hujjar mai kare kansa take fitowa, domin yakan ce shi dai ya kunna wuta a haƙƙinsa, iska kuwa ba a hannunsa take ba, Allah ne ya aiko ta.

Wannan hujja tana da tushe a ilmin tauhidi wanda bai kamata a raina ba. Mazhabar Ash'ariyya, wadda malaman zaure na ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa ta littattafan Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, tana koyar da cewa wuta ba ta ƙona komai da ikon kanta, Allah ne yake halittar ƙuna a lokacin da wuta ta taɓa abu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da misalin wuta da auduga ya kafa wannan magana a martaninsa ga masana falsafa, kuma ƙissar Annabi Ibrahim, wanda aka jefa cikin wuta ba ta ƙone shi ba, ita ce shaidar da aka fi kawowa. Sai dai malaman da suka faɗi haka su ne kuma suka kasa hukunci gida uku, na hankali da na Shari'a da na al'ada, inda hukuncin al'ada yake nufin alaƙar da ake gani tana maimaituwa tsakanin abu biyu, kamar ci da ƙoshi ko wuta da ƙuna, wadda Allah yake iya saɓa mata amma bisa ita ya gudanar da duniya. Mutum kuwa bisa wannan al'ada ake yi masa hisabi, domin ita ce abin da ya sani a lokacin da ya miƙa hannu ya ƙyasta ashana. Da a ce faɗin cewa Allah ne mai halittar ƙuna yana sauke alhaki daga mai kunna wuta, da faɗin cewa Allah ne mai kashewa ya sauke shi daga mai kisa, kuma babu malamin da ya taɓa cewa haka.

Sayyidina Umar ya warware irin wannan ruɗani lokacin da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka tuhume shi da gudun ƙaddara, ya amsa da misalin makiyayi da ke gaban kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya busasshe, wanda duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma zaɓin nasa ne. Imani da ƙaddara magani ne ga wanda rumbunsa ya ƙone, domin yana hana shi fitar da rai da yi wa Ubangiji tsiwa. Idan wanda ya jawo ɓarnar ne ya riga kowa ambaton ƙaddara, to ya ɗauki maganin da aka haɗa domin wani ya mayar da shi garkuwar kansa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne alƙalan wannan ƙasa suka gada tun kafin zuwan Turawa, ya yi magana a kan mas'alar kai tsaye. A cikin Mudawwana, littafin da Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 854, ya tattara fatawoyin Imam Malik da Ibnul Ƙasim a cikinsa, an kawo batun mutumin da ya saki wuta a gonarsa ta kai ga ta maƙwabcinsa, aka rarrabe shi gida biyu: idan gonar maƙwabcin tana da nisan da a bisa al'ada ake amince wa wuta ba za ta kai ba, sai iska ta ɗauke ta ta kai, to babu biya a kansa; idan kuwa tana kusa ta yadda ba a amince ba, to shi ne mai lamuni. Lamuni a nan shi ne wajabcin mayar wa mai dukiya kwatankwacin abin da aka lalata masa, idan abin awo ne kamar hatsi, ko ƙimarsa, idan abin da ake yi wa kuɗi ne kamar dabba ko ɗaki. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14 kuma ya zama madogarar alƙalan Arewa, ya ƙara ma'auni na biyu, inda ya sanya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi cikin abubuwan da ke jawo lamuni, a jere ɗaya da likitan da ya yi aiki bisa jahilci da mai bangon da ya karkata aka gargaɗe shi bai gyara ba. Masu sharhi sun bayyana cewa dukiyar da ta ƙone daga aljihunsa za a biya, ran da ya salwanta kuwa diyyarsa tana kan danginsa na wajen uba, muddin bai yi da nufin kisa ba.

Akwai wata ruwaya a Sunan na Abu Dawud da ke nuna cewa ɓarnar wuta ba ta da biya, wadda mai neman mafita zai iya riƙewa, amma Haɗɗabi, wanda ya yi wa littafin sharhi a ƙarni na 10, ya fassara ta da wutar da mutum ya hura a mallakarsa saboda wata buƙata, iska ta kwashe ta ta hanyar da ba shi da ikon mayar da ita. Ma'aunin ke nan bai canza ba: nisa, da yanayin iska, da abin da mai hankali zai iya hangowa. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan hunturun Gwiwa ko Babura, sakamakon yana da nauyi, domin iskar hunturu ba baƙuwa ba ce da za a ce ta zo ba zato. Ƙaramin yaro ya san takan lafa da dare da sassafe, ta tashi da hantsi, ta yi ƙarfi har zuwa azahar, kuma ya san inda take fuskanta. Gonaki kuma a wannan yanki manne suke da juna, abin da ke raba su sau da yawa layin gamba ne, wanda shi kansa abincin wuta ne, saboda haka nisan da Mudawwana ta yi uzuri da shi da wuya a same shi. Uzurin da ya rage shi ne na guguwar bazara, wadda takan taso farat ɗaya a rana mai tsit ta ɗauki garwashi ta jefa nesa, kuma ko ita uzuri ce ga wanda ya share kewayen wutarsa ya tsaya a kanta kawai, ban da wanda ya kunna ya tafi kasuwa.

Abin da ya fi yi wa mutane wuyar karɓa shi ne cewa rashin mugun nufi ba ya sauke biya. Ƙa'idar malamai ita ce ganganci da kuskure daidai suke a kan dukiyar mutane, bambancinsu yana wajen zunubi da horo ne kawai, kuma ko yaro mai wayo ne ya lalata abu, biyan yana kan dukiyarsa. A aikace irin wannan shari'a ba ta cika kaiwa gaban alƙali ba, a zauren mai unguwa ko dagaci take ƙarewa, kuma sau da yawa da kalmar yafewa. Yafiya alheri ce babba, amma yafiyar da aka karɓa daga talaka a gaban dattawa, yana jin kunyar a ce ya ƙi haƙuri da ƙaddara, alhali harawar da zai sayar ya kai iyalinsa bazara ta zama toka, tana da kama da ƙwace da aka yi wa wanka. Adalcin sulhu shi ne a fara ƙiyasta ɓarnar a faɗi adadinta a fili, wanda ya jawo ta ya amsa cewa tana kansa, sannan a bar mai haƙƙi ya yafe duka ko rabi ko ya ƙi, ba tare da an mayar da shi marar imani ba.

Duk wannan bayani yana tafiya daidai muddin abin da ya ƙone yana da mai shi. Wahalar mas'alar tana bayyana ne idan wutar ta ci ciyawar makiyaya, ko ta burtali, ko ta gefen duwatsun Roni da Kazaure, inda babu wanda zai ce tawa ce. Hadisin da Abu Dawud da Ibnu Majah suka ruwaito ya sanya mutane tarayya a cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, kuma abin lura ne cewa biyu daga cikin ukun, ɗaya yana iya hallaka ɗaya. Ciyawar da ba a yanka ba ba ta shiga mallakar kowa ba, don haka babin lamuni, wanda aka gina a kan mai dukiya da mai ɓarna, ba shi da wanda zai miƙa wa biya, kuma daga nan ne mutane suka ɗauka cewa ƙona ta ba laifi ba ne. Amma rashin mai ƙara ba ya nufin rashin wanda aka cuta. Makiyayin da ya dogara da wannan ciyawa daga Disamba zuwa faɗuwar ruwa a Yuni, idan ya tarar da ita toka, ko dai ya sassare rassan itatuwa ya ba dabbobinsa, ko ya matsa kusa da gonakin rani da tarin harawar mutane, ko ya yi ƙaura, kuma biyun farko sukan zama mafarin rigimar manoma da makiyaya. Tarayya a cikin abu tana ba kowa damar ya ɗiba gwargwadon buƙatarsa, ba ta ba kowa damar ya hallaka rabon sauran ba, kuma hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, bai keɓe cutar da ke da mai ƙara ba. Samarin da suka ƙone fili guda na ciyawa domin gafiya biyar sun ɗauki abin da bai kai kuɗin buhun dusa ba sun salwantar da abincin garke.

Akwai kuma haƙƙin abin da ke cikin ciyawar. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Annabi da tururuwa guda ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa wahayi na zargi, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi inkarin ƙona gidan tururuwa da wasu sahabbai suka yi a wata tafiya, bisa dalilin cewa azaba da wuta ta Ubangijin wuta ce. Risala ta Ibnu Abi Zaidi, wadda kusan kowane ɗalibin zaure ya karanta, ta karhanta kashe ko da ƙwarƙwata da ƙuma da wuta. Dabbar dawa kuwa da ta mutu a cikin toyi ba tare da yanka ba mushe ce.

Tambaya ta biyu, wato ikon shugaba na hana abin da asalinsa halal ne, amsarta tana cikin ƙa'idar da Malikiyya suka shahara da ita, saddu zari'a, ma'ana toshe hanyar da ke kaiwa ga ɓarna ko da ita kanta hanyar ba haram ba ce. Ƙarafi, malamin Masar da ya rasu a 1285, ya nuna cewa akwai hanyar da kowa ya yarda a toshe, kamar haƙa rijiya a kan turbar da jama'a ke bi, akwai kuma wadda kowa ya yarda ba a toshewa, kamar shuka inabi don tsoron kada a yi giya da shi, kuma abin da ke raba su shi ne yawan yadda hanyar ke kaiwa ga ɓarna. Wutar fili a tsakar hunturu ta fi kusa da rijiyar, wutar sharar gona a safiya mai tsit a ƙarshen bazara ta fi kusa da inabin. Haka kuma Shari'a ta san hima, wato filin kiwo da shugaba yake keɓewa ya tsare saboda maslahar jama'a, kamar yadda Annabi ya keɓe Naƙi'u, Umar kuma ya keɓe Rabaza, kuma Abdullahin Gwandu ya yi bayaninta a littafinsa Ta'alimur Radi, wanda ya rubuta a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Inda lamuni ya gaza saboda babu mai dukiya, ta'aziri, wato horon da aka bar wa shugaba ya ƙaddara gwargwadon laifi, shi ne yake cike gurbin. Ta wannan fuska, tanadin kundin Final Kod na Arewa a kan ɓarna da wuta, da ƙa'idojin da hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ta fitar a 2011 waɗanda suka hana ƙona daji ba tare da izini ba, ba baƙin abu ba ne ga fiƙihu, kuma bin su yana cikin biyayya ga shugabanni a abin da ba saɓo ba.

Sai dai ƙa'idar da ta ba shugaba wannan iko ita ce kuma ta yi masa iyaka, domin ikonsa a kan talakawa rataye yake da maslaharsu. A shekarun 1980 gwamnatin Musa Tarawore a Mali ta haramta ƙona daji ɗungurungum, ma'aikatan gandun daji suka riƙa cin ƙauyuka tara, abin da ya jawo ƙiyayya tsakanin talakawa da hukuma ba tare da wutar ta daina ci ba, har aka sassauta dokar bayan faɗuwar gwamnatin a 1991. Masana gandun daji sun daɗe da gano cewa a dazuzzuka masu doguwar ciyawa wutar farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran ɗanye, ba ta da zafin ta ƙarshen rani, har ma takan zama katanga gare ta, ko da yake a busasshiyar ƙasa irin ta Babura, inda ciyawar shekara ba ta sake tohowa sai an yi ruwa, kowace wuta asara ce ga dabba. A Ostareliya, inda gobarar daji ta kashe mutum 173 a jihar Biktoriya a Fabrairun 2009, hukuma takan dubi zafi da iska da bushewar ciyawa ta ayyana wata rana a wani yanki a matsayin ranar da ba a kunna kowace wuta a fili, a sauran ranakun lokacin haɗari kuma a nemi izini. Wannan tsari, duk da nisan ƙasar, ya fi kusa da maganar Shehu Halilu fiye da haramcin Mali, domin ya rataya hukunci a kan ranar da iskarta.

Manomi mai cewa toka taki ce bai yi ƙarya ba, domin tana bar wa ƙasa wasu sinadarai, amma sinadarin naitirojin, wanda shi ne ake sayen takin yuriya dominsa, yakan bi hayaƙi, tokar kuma iska ta kwashe ta ta bar rairayi tsirara. A tsallaken iyaka, cikin Nijar, a yankin Magariya da Matamaye na jihar Damagaram, manoma sun cika gonakinsu da gawo ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sare a ƙone, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ta Afirka ya ratsa. Dashen da aka yi shekara uku ana shayarwa, wutar yini guda ta ishe shi.

Ofishin da ke Abuja ko Dutse ba zai san ranar da iska ta tashi a wani ƙauyen Gwiwa ba, kuma manomi ba zai yi tafiyar yini domin takardar izinin ƙona ƙayar gonarsa ba. Waɗanda suka san gona da mai ita da maƙwabcinta su ne masu unguwa da dagatai da hakimai, na masarautar Kazaure a Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da na masarautar Ringim a Babura, tare da sarakunan noma da arɗoɗin Fulani. Su ya kamata a damƙa wa bayar da izini da baki, bisa sharuɗɗan da kowa zai iya riƙewa: kada a yi toyi daga girbi har iskar hunturu ta kwanta, mai sharar gona ya tara abin ƙonawa tsibi tsibi a tsakiyar gona ya share kewayensa, ya sanar da maƙwabtansa, ya kunna da sassafe ko da yamma lis, kada ya bar wurin sai ya ga toka ta huce. Sanarwar da liman zai yi a masallacin Juma'a a farkon Nuwamba tana da amfani na shari'a bayan na wa'azi, domin tana matsayin gargaɗin da aka yi wa mai karkataccen bango, wanda bayansa babu sauran uzurin rashin sani. Wanda ya kunna wuta bayan wannan sanarwa ta ci dukiyar wani, biya ya hau kansa, wanda kuma ya ƙone ciyawar makiyaya ko ta burtali saboda farauta ya cancanci horon hukuma ko da babu wanda ya kai ƙara.